Yadda matashin ma'aikaci zai tsara makonsa har ya samu sararin murna

Ranar da aka miƙo mini takardar tabbatarwa a aiki, bayan wata shida na gwaji, wajen ƙarfe uku ne na rana. Na karanta, na ninke, na cusa a jaka, na koma kan rahoton da ake jira. Sai da aka kwana tara na sake cin karo da ita, ina neman wani abu daban. Wata shida ina kwana ina tashi da fargabar wannan takarda, amma da ta zo ko minti biyar ban ba ta ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin na lura ba ita kaɗai na yi wa haka ba. Albashin farko haka ya wuce. Ranar da na gama biyan bashin da na ci lokacin neman aiki, ita ma haka ta wuce shiru.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, murna ba ta zuwa wa mai aiki da kanta. Aiki yana da lokacinsa a rubuce, haya tana da ranarta, masu bin bashi ba sa mantuwa. Murna ce kaɗai ba ta da mai tuna maka ita. In ba ka ware mata lokaci da ɗan kuɗi da mutum ba, gobe za ta taho da nata aikin ta binne ta. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi, kuma duk inda na ce "ka", ke ma da ke nake.

Mataki na farko: ƙirga sa'o'inka, kada ka yi kintace

Mako yana da sa'a 168. Cire barcin sa'a 8 kowane dare, wato 56, saura 112. Cire sa'a 40 na aiki, saura 72. In zuwa da dawowa na cin maka sa'a 2 a rana har kwana 5, saura 62. A cikin waɗannan ne wanka da wanki da girki da ibada da cefane da ziyara za su samu gurbi, kuma a cikinsu ne murna za ta samu nata.

Wannan lissafin takarda ne. Naka na gaskiya sai ka bi shi da ido. Ɗauki kwana bakwai kana rubuta lokacin da ka fita, lokacin da ka dawo, lokacin da ka kwanta. Duba kuma wurin da wayarka ke nuna tsawon lokacin da ka yi kana kallonta. Mutane da yawa a nan suke gano inda yammacinsu yake tafiya.

In lissafinka ya nuna kana haura sa'a 55 a wurin aiki kowane mako, ka ɗauki abin da muhimmanci. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa dogon lokacin aiki ya jawo mutuwar mutum dubu 745 a shekarar 2016. Sun nuna cewa mai aikin sa'a 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka gwada shi da mai yin sa'a 35 zuwa 40. Ƙayyade lokacin aiki ba lalaci ba ne. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta zartar a 1919 a kan wannan take: sa'a 8 a rana, 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Na san ba kowa ke da ikon rage sa'o'insa ba, musamman sabon shiga da ke tsoron a ce ba ya son aiki. Amma ko ba ka iya ragewa yanzu, sanin adadin zai hana ka zargin kanka da kasala alhali gajiya ce.

Mataki na biyu: yi wa ranar aiki ƙofa, ka rufe ta

Wanda ya bar ofis amma saƙonnin aiki na bin sa har kan gado, hutun jaki da kaya a ka yake yi. Jiki yana gida, hankali yana kan tebur. A wannan hali ko an kawo labari mai daɗi ba ya samun wurin zama.

Minti goma kafin ka tashi, ka yi abu uku. Rubuta ayyuka uku da za ka fara da su gobe, don kada ƙwaƙwalwa ta kwana tana riƙe da su. Rubuta layi ɗaya na abin da ka gama yau. Sannan ka rufe kwamfuta, ka kashe ƙarar sanarwar manhajojin aiki. In daga gida kake aiki, wannan ya fi zama wajibi a kanka, tun da ba ka da hanyar da za ta raba ka da ofis: ɗauke kayan aikin daga inda ido zai gan su, canza tufafi, fita ka ɗan zagaya ka dawo kamar mai dawowa daga aiki.

Kada ka yi wannan a ɓoye. Ka samu shugabanka a lokacin da yake cikin natsuwa, ka ce masa: "Ranka ya daɗe, bayan ƙarfe bakwai ba na cika duba saƙo, amma in abu na gaggawa ya taso a kira ni, zan ɗauka." Shugabanni da yawa abin da suke so shi ne tabbacin za a same ka in ta ɓaci. Ka ba su wannan tabbacin, sannan ka cika alkawari da safe.

Barci kuma ba sai na tsawaita ba. Baligi yana buƙatar aƙalla sa'a 7. Sinadarin kafeyin, wanda ke cikin shayi da kofi da goro, yana ɗaukar kimanin sa'a 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka abin da ka sha da la'asar yana nan tare da kai lokacin kwanciya. Motsa jiki kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce minti 150 zuwa 300 a mako, kuma tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30 sau biyar ta kai ka ƙaramin adadin.

Mataki na uku: riƙe littafin abin da ya yiwu

Ba za ka yi murnar abin da ba ka lura da shi ba. Hankali yana riƙe kuskure da ƙarfi, yana sakin nasara da sauri. Gyara ɗaya da aka yi maka a gaban mutane zai bi ka mako guda, amma ayyuka goma da ka miƙa ba tare da matsala ba ba za ka tuna ko ɗaya ba.

Wannan layi ɗaya da ka rubuta kafin tashi, shi ne tushen littafin. Ƙaramin littafi ko wurin rubutu na waya, duk ɗaya ne, in dai wuri guda ne. Rubuta abin a sarari: "Na gabatar da bayani a taro, murya ba ta yi rawa ba." "Na gano inda lissafin ya ɓata." "Na ce a'a ga aikin da ba nawa ba, cikin ladabi." "Na kai ƙarshen wata ban ci bashi ba."

Wata malama a Jami'ar Harvard, Teresa Amabile, tare da Steven Kramer, sun tattara rubutun yau da kullum kusan dubu 12 daga ma'aikata 238 a kamfanoni 7. Abin da suka bayyana a 2011 shi ne, a cikin duk abubuwan da ke gyara wa ma'aikaci rana, babu kamar ya ga ya ci gaba a aikin da yake da ma'ana a wurinsa, ko da ci gaban ƙarami ne. Ci gaban yana faruwa kusan kullum. Ganin sa ne yake wuya, kuma littafin shi ne idon.

Akwai wani amfani na gefe: ranar da za a zauna duba ƙwazonka na shekara, ko za ka nemi ƙarin girma, ba za ka tsaya kame-kame ba. Komai yana rubuce da kwanan wata.

A ranar hutunka, ware minti goma ka karanta abin da ka rubuta a makon. Ja layi ƙarƙashin guda ɗaya. Shi ne abin murnar wannan mako.

Mataki na huɗu: ware kuɗin murna tun ranar albashi

Akwai tsarin kasafi da ya shahara, wanda Elizabeth Warren ta Amurka da 'yarta suka yaɗa a 2005: kashi 50 na albashi ga larura, 30 ga abin marmari, 20 ga ajiya da biyan bashi. Ga sabon ma'aikaci da haya da sufuri suka cinye fiye da rabi, ko wanda ke ɗauke da nauyin iyaye da ƙanne, wannan rabo ba zai zauna daidai ba. Kada ka damu da adadin. Abin ɗauka a ciki shi ne jin daɗi yana da nasa kaso a rubuce, ba ragowa ba ne.

Shawarata ita ce kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Ranar da albashi ya shigo, bayan ka cire larura da ajiya, ka tura wannan kaso wani asusu daban ko ka saka shi a ambulan. In ka jira ƙarshen wata ka ga abin da ya rage, babu abin da zai rage.

Ƙa'ida ɗaya ce ba na sassauta ta: kada a yi murna da bashi. Iya kuɗinka, iya shagalinka. Murnar da za ka biya ta wata uku ta riga ta koma damuwa tun kafin baƙi su watse. In watan ya matse har ambulan ta zama fanko, murna ba ta tsaya ba, sai dai ta koma irin wadda ba ta cin ko sisi, kuma irin wannan tana da yawa.

Mataki na biyar: yadda ake yin ta

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin da an ce murna sai tunani ya tafi ga taro da kashe kuɗi da hotuna. Ƙaramar murna abu huɗu take buƙata.

Na farko, ka kira abin da sunansa. Akwai bambanci tsakanin mutum ya fita yawo don ya gaji da zaman ɗaki, da ya fita yana cewa a ransa, "Wannan fitar ta gama aikin nan ce da ya ci mini mako uku." Yawon ɗaya ne, amma na biyun ne zai zauna a zuciya. Faɗi da baki, ko ka rubuta. In tare da wani kake, ka gaya masa dalilin tun farko.

Na biyu, kada ka bari ta huce. Cikin kwana biyu ya kamata a yi ta. Ɗan Adam yana sabawa da alheri da sauri ƙwarai: ƙarin albashin da ya hana ka barci don daɗi, bayan wata biyu ya zama albashi kawai. "Sai na samu lokaci" ita ce kalmar da ta cinye mini murnar takardata. In ranar ba ta yiwuwa, buɗe kalanda a take ka sa rana da sa'a, kamar yadda kake sa taron ofis.

Na uku, ta bambanta da abin da ka saba. In kullum kana dawowa ka kwanta ka ja waya, to yin haka a ranar nasara ba murna ba ce. Sauka daga mota tun kafin ka iso, ka ƙarasa da ƙafa ta hanyar da ba ka taɓa bi ba. Girka abin da ka fi so, ka ci a zaune a natse, ba a tsaye ba. Kira wanda ya taimake ka lokacin neman aiki ka ce masa, "Abin nan da ka sa mini hannu, ga inda ya kai." Sayi littafin da ka daɗe kana kallo, ka rubuta kwanan wata da dalili a shafin farko. Ɗauki hutun rabin yini, in dokar wurin aikinku ta ba da dama, ka je inda ba ka da abin yi sai zama. Sa tufafin da kake ta ajiya don wata babbar rana. Shuka wani abu a tukunya.

Ina so in ɗan tsaya a kan saye-saye. Ba laifi ba ne mutum ya saya wa kansa abu. Amma in kowace nasara tana ƙarewa a kanti, sannu a hankali sai sayen ya zama shi ne manufa, nasarar ta koma hujja kawai. Ni dai abin da na gani shi ne, abin da na yi ya fi daɗewa a raina fiye da abin da na saya, abin da na yi tare da wani kuma ya fi duka.

Na huɗu, girmanta ya yi daidai da abin. Gama rahoton mako, minti talatin na abin da kake so sun isa. Cika shekara a wurin aiki, ko kammala biyan bashi, ko cin jarrabawar ƙwarewa, wannan ya cancanci yamma guda da mutum biyu ko uku. Kuma kada murnar yau ta ci amanar gobe: wadda za ta kai ka ƙarfe biyu na dare a tsakiyar mako, da safe za ka biya kuɗinta.

Game da hoto da sakawa a shafukan sada zumunta, abin da nake yi shi ne in jinkirta zuwa washegari. Da zarar ka saka, hankalinka ya koma kan ƙirga waɗanda suka gani da waɗanda suka yi shiru, kuma abin da ya kamata ya zama naka ya koma hannun jama'a. Ji daɗinsa tukuna. In gari ya waye kana son sakawa, ka saka.

In za ka kira mutane, ka sauƙaƙa. Mutum uku zuwa biyar, sa'a biyu, ka faɗi lokacin farawa da na tashi tun a saƙon gayyata, domin su ma ma'aikata ne masu sammako. Ka faɗi a sarari ko kai ne mai ɗaukar nauyi ko kowa zai kawo nasa, don kada kunya ta hana wanda aljihunsa ya yi sanyi zuwa. Ɗakinka ƙarami ne, kujeru ba su kai ba? Waɗanda suka cancanci gayyatar ba kujera suka zo gani ba.

Ba nasarar aiki kaɗai ake yi wa wannan ba. Ranar da ka kwana a ɗakin da ka kama da guminka, ranar da ajiyarka ta kai kuɗin larurar wata ɗaya, ranar da likita ya ce sakamako ya yi kyau, ranar da ka gyara abin da ya lalace da hannunka, duk suna ciki.

Mataki na shida: zaɓi wanda za ka gaya wa, ka kuma koyi karɓar labarin wani

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Shelly Gable, da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2004 a kan abin da mutane ke yi in alheri ya same su. Sun gano cewa gaya wa wani yana ƙara daɗin a kan daɗin abin da kansa, kuma yadda mai sauraro ya karɓa yana da tasiri babba. Sun kasa karɓar gida huɗu. Akwai mai murna da kai yana tambaya. Akwai mai cewa "madalla" a taƙaice ya ci gaba da abin da yake yi. Akwai mai zaƙulo matsala: "Ƙarin girma? Ai aiki ne zai yi maka yawa." Akwai kuma mai juya zancen zuwa kansa. Na farkon ne kaɗai ke ƙarfafa zumunci.

Saboda haka ka san mutanenka. Akwai wanda kake ƙauna amma bai iya karɓar labari mai daɗi ba, sai ka gaya masa daga baya. Fara da wanda zai ce, "Kai, barka! Zauna ka ba ni labari, yaya aka yi?"

Kai ma ka zama irin wannan mutumin. In abokinka ya kira da nasa labarin, ajiye abin da ke hannunka, ka yi tambaya biyu ko uku: yaushe ka ji, wa ka fara gaya wa, me ka ji a ranka? Wannan yana da wuya a lokacin da naka al'amarin ya tsaya cik, abokan karatunka kuma suna ta wucewa. Ba zan ce ba ya ciwo ba. Amma taya wani murna ba ya rage rabonka, kuma wanda ka tsaya wa yau shi ne zai ɗaga waya ranar taka. Binciken da Jami'ar Harvard ta fara a 1938, wanda ya bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufa, ya nuna cewa kyawun dangantaka da mutane yana cikin manyan abubuwan da ke nuna wanda zai tsufa cikin lafiya da kwanciyar rai. Irin wannan dangantaka a shekarun farko na aiki ake gina ta, kuma a shekarun ne ta fi saurin tsinkewa, tun da makaranta da ke haɗa ku kullum ta ƙare. Zumunci a ƙafa yake. Sa ranakun mutanenka a kalanda, da ƙararrawa kwana biyu kafin ranar.

In mako ya zo babu abin ja wa layi

Zai zo. Wani makon za ka buɗe littafin ka tarar kwana huɗu babu rubutu. Kada ka ce tsarin ya rushe. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin sabawa da sabuwar ɗabi'a, suka ga a tsaka-tsaki tana ɗaukar kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Ci gaba daga inda kake, ba sai ka cike guraben baya ba. Shi ya sa ma ban so ka ɗauki matakan nan shida a mako ɗaya. Fara da rufe ranar aiki da layi ɗaya na rubutu. Ambulan ta jira albashi mai zuwa.

A mako mai nauyi, abin rubutawa yana iya zama "na je aiki kwana biyar duk da halin da nake ciki." Wannan gaskiya ce, kuma ta cancanci yamma guda ta hutu ba tare da jin laifi ba.

Sai dai akwai gajiyar da yawo da littafi ba sa maganinta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ƙarfi ta dalilin aiki da alamu uku: ƙarewar kuzari, jin zuciya ta yi nisa da aikin ko ta tsane shi, da raguwar ƙwazo. Jiki magayi. In ka ga waɗannan sun zauna maka, ka yi magana da shugabanka a kan nauyin da ke kanka, ka kuma ɗauki hutun shekara da kake bi, kada ka bari ya ƙone. In kuwa abin ya wuce aiki, har ka kai mako biyu ko fiye babu abin da ke faranta maka rai, ko abubuwan da ka saba so, barci da cin abinci sun rikice, to ka je ka ga likita, kuma ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi ranar da za ka je, don ya tambaye ka yadda aka yi.